Rigar da Ba ta Gona Ba, Ba ta Coci Ba

Litinin, 5 ga Afrilu, 1948
Littafin odar kaya ya iso ta gidan waya, kaurinsa kamar tubali. A shafin maza na ga abin da ban taɓa gani ba: riga mai gajeren hannu, wuya a buɗe, ba a yi mata zanzaro. Wai rigar hutu. Ikon Allah, ashe akwai mutanen da har hutu suke ɗinka wa riga! Mijina Elwood iri biyu ya sani, shuɗiyar gona da farar coci.

Alhamis, 8 ga Afrilu
Likita ya sake faɗa, zuciyar Elwood ba za ta ɗauki noman bana ba, ya bar wa ɗanmu Merle gonar. Ya ce to. Muna isowa gida ya hau tarakta. Tsoro nake ji.

Lahadi, 11 ga Afrilu
Na ɗauko zare zan auna wuyansa kamar kullum, sai na ga wannan ba ruwanta da wuya. Ƙarama, matsakaiciya, babba, shi ke nan. Elwood ya leƙa hoton ya ce, "Mama, ai ba su gama ɗinkin ba. Ina sauran hannun?" Wai shi ba zai yi yawo kamar wanda ya fito daga wanka ba. Na dai aika odar.

Asabar, 24 ga Afrilu
Ta iso. Koriya shar kamar sabon tsiron masara, ga laushi. Na daɗe ina shafa ta. Shi kuwa ya rataye ta a ƙusa ya fita.

Laraba, 28 ga Afrilu
Merle ya tsince shi zaune a bakin rumbu yana haki. Gani ya kori ji.

Asabar, 1 ga Mayu
Da hantsi, ranar aiki, ya fito baranda sanye da ita. Zai cusa ta cikin wando na buge masa hannu. Damatsansa farare fat kamar madara, daga wuyan hannu zuwa yatsu kuwa sai ka ce fatar sirdi. Tun aurenmu ban taɓa ganin rana ta taɓa su ba, na tsaya ina kallo kamar baƙuwa. Muna jin taraktar Merle tana kai da komo. Bai tashi ba.

"To yanzu me ake yi a cikinta?" in ji shi.

Na ce littafin bai faɗa ba. Na jawo kujera kusa da shi, don dai in ga ko za ta zuba. Wanke-wanke ba inda za shi.