A Ciro Tef Ɗin Ranar Talata Kafin a Goge Shi

Zuwa ga Shugaban Kwamitin da ke binciken maganar lasisina,

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran 'yan kwamiti. Sunana Isa Agbo, mazaunin Bukan Sidi a Lafia. Shekarata goma sha huɗu ina tuƙa ƙaramin jirgi mai kujera huɗu na wata gonar shinkafa da rake da ke bayan Agyaragu. Na aiko maka wasiƙa biyu ta gidan waya, ta uku na kai da hannuna, ko ɗaya ba a amsa ba. Shi ya sa na kawo wannan wasiƙa a buga a jarida.

1. Ranar Talata, kwana ashirin da uku ke nan, na tashi daga jan filinmu na gona da manajan gonar a kujerar gefe, muka nufi filin jirgin da ka sani. Damina ta yi nisa, muka shiga gajimare, ko bakin fiffike ba na gani. A irin wannan hali ido ba shi da aiki. Abu biyu matuƙi yake riƙewa: muryar mai hasumiyar filin jirgi, da allurar da ke nuna bikon, wato tashar rediyon da ke bayan gari wadda ake bi a sauko. Tun muna makaranta aka dasa mana doka guda: ba a bin allura sai an saurari bikon ya buga harufan sunansa, irin bugun tangaraho. Na murɗa rediyo, na kasa kunne. Babu komai sai shuu. Allurar kuwa tana ta lilo, duk walƙiyar da aka yi sai ta juya can. Ko ɗalibi ya san idan bikon ya mutu, allura hadari take bi. Hadarin ranar nan yana kan duwatsun gabas da filin.

2. Mai hasumiya ya ba ni izinin sauka ta kan bikon. Na maimaita masa umarnin kamar yadda aka saba, sannan na gaya masa ba na jin bikon. Ya ce in ci gaba. Na sake faɗa, ya sake cewa in ci gaba. A karo na uku, kafin ya saki maɓallin magana, na ji wata murya a bayansa tana tambaya da Hausa ko an kai man janareto can bayan gari. Da kunnena na ji, kuma na rubuta lokacin a allon da nake ɗaurewa a cinya: ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin da biyu. Na ƙi sauka ko da ƙafa ɗaya. Na yi kewaye minti ashirin ina jira, da na ga man jirgi yana ja baya na sanar da mai hasumiya zan juya, na komo Agyaragu. Manaja bai daina salati ba sai da taya ta taɓa ƙasa.

3. Ranar Juma'a takarda ta iso. An dakatar da lasisina saboda, wai, na ƙi bin umarni, na tare wa jirgin fasinja hanya, na kuma juya ba tare da izini ba. Ofishin da ke ɗaukar wata uku kafin ya buga wa mutum hatimin sabunta lasisi, shi ne ya gama bincike, ya buga takarda, ya aiko ta Lafia cikin kwana uku. Ban taɓa sanin kuna da irin wannan zafin nama ba. Jirgin fasinjan da aka ce na tare kuwa, na tambaya, bai sauka ba shi ma. Ya juya bayana da rabin awa. Me ya mayar da shi? An dakatar da matuƙinsa?

4. Da na amsa kiran kwamiti na farko, na roƙi a nuna mini littafin hasumiya, aka buɗe mini shafin Talatar. An rubuta cewa bikon ya yi aiki lafiya tun safe har yamma. Ranka ya daɗe, na sha ganin littafin nan. Shafukansa kullum a hargitse suke: biro shuɗi, biro baƙi, gyara a kan gyara, har da tabon shayi. Ana canjin aiki da ƙarfe biyu, saboda haka hannu biyu ake gani a kowace rana. Shafin Talata shi kaɗai hannu ɗaya ne, biro ɗaya, tsaf kamar rubutun ɗan jarrabawa. Ban ce an sake rubuta shi ba. Na ce a ɗora shi kusa da na Litinin da na Laraba, kowa ya duba.

5. Ga abin da ya hana ni sukuni. Duk maganar da ta shiga tsakanin jirgi da hasumiya tana hawa tef. Tef ɗin kwana talatin ake ajiye shi, sannan a mayar da shi kan na'ura a ɗauki sabuwar magana a kansa, sai fa in kwamiti ya rubuto a tsare shi. Ka fi ni sanin haka. An kira ni rana ta tara, na yi awa huɗu a mota, aka ce ka yi tafiya. An sake kira na rana ta goma sha shida, aka ce mai hasumiya yana hutu. Duk zuwan biyu na roƙi sakatarenka ya rubuta takardar tsare tef, ya ce sai kwamiti ya zauna. Jiya sabuwar gayyata ta iso: Litinin ta sama. Na ɗauko kalanda na ƙirga da yatsa har sau biyu. Tef zai cika kwana talatin ranar Alhamis mai zuwa. Zamanku ya faɗa rana ta talatin da huɗu.

Ni ba mai yawan zargi ba ne, amma wannan lissafin ya yi daidai da yawa. In an zauna ranar Litinin ɗin, me zai rage a kan tebur? Shafi mai tsafta a gefe guda, ni da allon cinyata a ɗaya gefen. Manaja bai sa abin kunne ba ranar, bai ji komai ba sai bugun zuciyarsa.

Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Jirgin yana can an lulluɓe shi da tamfol, kaji suna kwana ƙarƙashinsa. Masu gona sun ce in wata ya ƙare ba lasisi, za su nemi wani matuƙi. A majalisarmu ta Bukan Sidi yanzu ko yayyafi aka fara sai wani ya ce a rufe Kyaftin a ɗaki kada ya tsorata. Ina dariya tare da su, amma ba ta kai ciki. Mahaifiyata da ta tsufa tana dafa gishiri a Keana ta aiko a tambaye ni ko gaske ne an kore ni don na gudu. Na rasa yadda zan yi mata bayanin bikon. Na dai aika mata cewa na dawo da ran mutum biyu gida.

Ba na neman a kori kowa. Mai hasumiyar nan mun sha shayi tare, ya sha sauko da ni lafiya, kuma ba shi ke sayen man janareto ba. Abin da nake roƙo uku ne. A ciro tef ɗin ranar Talata kafin Alhamis, a sa shi a ambulan, ka sa hannu a bakinsa. A kunna shi gaban kwamiti, ina zaune, mai hasumiya yana zaune. A kuma kira mai gadin bikon, wanda har yau ba a sa sunansa cikin shaidu ba, a tambaye shi ƙarfe nawa janareto ya tashi ranar nan. In aka saurara ba a ji ni sau uku ina cewa bikon ya yi shiru ba, ba sai kun wahala da wani zama ba. Ni da kaina zan ajiye lasisin a teburinka in koma noman doya.

Yau saura kwana bakwai. Kafin jaridar nan ta iso hannunka wataƙila saura uku. Takardar tsare tef layi biyu ce, ranka ya daɗe, ba ta buƙatar kwamiti ya cika.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya ba ka ikon yin gaskiya, ya tsare ka a tafiye-tafiyenka. Duk ranar da jirgin da kake ciki ya shiga gajimare, Allah ya haɗa ka da matuƙin da zai kasa kunne kafin ya sauko da kai.

Wassalam.

Naka,
Isa Agbo,
Bukan Sidi, Lafia.