Makulli a Aljihuna

Litinin, 5 ga Mayu

Na ɗauko motar. Ƙaramar jif ce, ruwan toka, kujera biyar. Injin lita ɗaya da rabi, giya atomatik, tsayinta daga ƙasa santimita goma sha tara, but ɗinta zai ci keken jikata da kayan cefane har da saura. Makullin ma ba a cusa shi ko'ina. In dai yana aljihunka, ka danna maɓalli ta tashi.

Dillalin ya yi ta zuba kamar rediyo. Ni duk ba wannan ya kai ni ba, ƙara na je saye. Akwai 'yan ƙwayoyi shida kamar maɓallin riga, huɗu a bamban baya, biyu a gaba, da abu ya matso sai su hau kuka. Ga kyamarar ribas. Madubin gefe ma yana kuka in ka ba da sigina alhali da mota a gefenka. Sau uku na sa ya gwada mini. Ya ce, "Baba, kai da ka shekara talatin da ɗaya kana koya wa mutane tuƙi, me za ka yi da wannan?" Na ce saboda yara ne.

Ƙarya na yi. A nan dai bari in faɗi gaskiya tunda ba mai karantawa. Watan jiya likita ya ce hawan jinin ido ne. Gefen hagu ya tafi, na dama yana bin sa. Gabana ina gani tar, amma kamar mai leƙe ta cikin bututu. Ya rubuta a takarda: a daina tuƙi. Na ninke ta na sa cikin littafin motar, a aljihun gaba. Maman yara ba ta taɓa buɗe littafin mota ba a rayuwarta.

Alhamis, 8 ga Mayu

Na kai Amarya makaranta na ɗauko ta. Jikata ke nan, shekara shida, baki kamar reza. Uwarta nas ce, ba ta da lokaci, kai ta da ɗauko ta shi ne kawai aikin da ya rage mini tun da na rufe makarantar tuƙi. Ta ce, "Kaka, motarka ta fi ka surutu." Na ce in ta ƙara zan sake ta in auri motar.

Sau tara motar ta yi kuka yau. Bakwai na ga abin da take wa kukan. Biyu ban gani ba.

Talata, 13 ga Mayu

A littafinta lita bakwai motar take sha a kilomita ɗari. A hannuna tara da rabi. Dole, tunda kowace kwana sai na tsaya cak na juya kaina gaba ɗaya kamar mujiya. Ana ta yi mini hon. Wani mai babur ya leƙo ya ce, "Tsoho, je ka koyi mota!" Ni. Ni da wataƙila ubansa ma ni na koya wa.

Laraba, 21 ga Mayu

Ramin da ke bakin layinmu ta haye shi ko gezau. Tsohuwar motata da sai ta goga ciki. Kujerar direba tana da tudu, gaba dai ina hange sosai. Ya Allah, ka bar mini gaban nan.

Jumma'a, 30 ga Mayu

Na yi karo da ƙofar banɗaki, goshi ya kumbura. Maman yara ta tsaya tana kallona da tsumma a hannu. Kwanan nan kullum da safe sai in gan ta tana zagaya motar da tsumman nan. Na ce, "Ke kuma yaushe kika zama mai wankin mota?" Ta ce, "Sabon abu ai sai da lele."

Tsoro nake ji. Wallahi tsoro nake ji, kuma ba wanda zan gaya wa. In na ajiye makullin nan me na zama? Tsohon da ake ajiye wa kujera a inuwa.

Laraba, 4 ga Yuni

Maganin ɗigawa a ido ya ƙare, na sayo wani a ɓoye. Ba ya dawo da abin da ya tafi, in ji likita, sai dai ya riƙe sauran.

Talata, 10 ga Yuni

Ba na son tuna yau. Zan rubuta duk da haka.

An yi ruwa da rana. Hanyar makaranta duk taɓo, wata babbar mota ta watsa mana shi har gilashi. Na kai Amarya ƙofar gidan uwarta, ta sauka, na ji ta rufe ƙofa. Na sa ribas. Hoton kyamara ya yi dishi-dishi, amma ban damu ba, don ba kyamarar nake bi ba, kunnena nake bi. Na saurara. Shiru. Wata guda ke nan na koya wa kaina cewa shiru yana nufin ba kowa. Na ɗaga ƙafa daga burki.

Sai na ji ƙaras a ƙarƙashin tayar baya.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na taka burki, na kasa buɗe ƙofa, na kasa juyawa. Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba. Sai ƙwanƙwasa a gilashin hagu. Sai da na juya kaina duka kafin na gan ta, tana tsaye dab da ni, fuska a murtuke. "Kaka, ka taka mini gorar ruwa! Har na sunkuya zan ɗauka ka taho."

Har ta sunkuya.

Da na sauka na shafa bamban baya, ƙwayoyin huɗu duk taɓo ya toshe su. Ashe motar ta gaya mini. Ta kunna rubutu a kusurwar hagu ta allon gaba cewa ta kashe na'urar, a goge. A kusurwar hagu. Motar ba ta yi laifin komai ba.

Laraba, 11 ga Yuni

Ban fita ba. Na ce kaina ke ciwo.

Alhamis, 12 ga Yuni

Amarya ta gaya wa uwarta, da ma ai ba ta da rufi. Nas ta zo da yamma da kayan aiki a jikinta, da fasasshiyar gorar a leda. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. Ta ce, "Baba, dubi hancina." Ta ɗaga yatsu a gefen kunnena na hagu. "Nawa?" Ko ɗaya ban gani ba. Sai ta fashe da kuka, 'yar da na goya.

Maman yara ce ta fita, ta dawo da littafin motar, ta zaro takardar likita ta ajiye a kan tebur. Tun satin farko ta gan ta. Wai ta ga ina ta shiga mota ina fitowa ba dalili, ta ce lallai akwai abin da na binne. A shafin da na ɓoye takardar kuwa aka yi bayanin cewa a riƙa goge ƙwayoyin. Abin da take yi da tsumma ke nan kowace safiya.

Na ce, "Kin sani kika bar ni?" Ta ce, "Na san in na yi magana za ka ƙara taurin kai. Na zaci tsummana zai isa. Ni ma da alhakin yarinyar nan a wuyana, kwana biyu ban iya cin abinci ba."

Nas ta ce Amarya ba za ta ƙara shiga motar ba. Ta miƙo hannu in ba ta makulli. Ban bayar ba. Na ce a kashe ni tukuna. Kaico, har da wannan na faɗa.

Litinin, 16 ga Yuni

Motar tana ajiye. Ƙarfe bakwai da kwata na ga kaina tsaye da takalmi a ƙafa, ba inda za ni.

Asabar, 28 ga Yuni

Maman yara ta yanko takardar koyon tuƙi ba da sanina ba. Ta ajiye mini ita kusa da shayi. Ta ce, "Ka koya wa rabin garin nan mota, ni kaɗai ka kasa." Gaskiyarta. Shekara ashirin da suka wuce na gwada, na daka mata tsawa a kan kuloci, ta buɗe ƙofa ta tako gida a ƙafa. Ta ce, "Wannan ba ta da kuloci, sai ka nemi wani abin faɗan."

Sharaɗinta ɗaya, ba tsawa. Nawa ɗaya, makulli yana aljihuna. Ta ce in riƙe kayana, ai motar ba ta tambayar aljihun wa.

Litinin, 7 ga Yuli

Filin bayan makaranta. Ta matso da kujera gaba har sitiyari yana taɓa ta, ta karkatar mini da madubai duka. Tsohuwar motar koyarwata tana da burki na biyu a gefena. Wannan babu. Ƙafata ta yi ta taka dandamalin banza har cinyata ta ƙage. Sau ɗaya na ce "Ke!" Ta tsaya, ta kama hannun ƙofa, ta dube ni. Na ce, "Cewa zan yi kin iya kwana."

Laraba, 30 ga Yuli

Ta shiga babban titi. Mai babur ya ɓullo ta hagu, ta kauce kafin madubi ya yi kuka. Ni sai da ya wuce na san da shi. Muka iso gida. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa, kuma abin da na yi a ciki ba na rubutawa ba ne.

Litinin, 18 ga Agusta

Lita bakwai da ɗigo takwas a hannunta. Iskar taya ce, na ƙara mata ranar Asabar.

Talata, 16 ga Satumba

Lasisinta ya fito makon jiya. Nas ta yarda kakar ta riƙa ɗauko Amarya, daga yau.

Da safe na zagaya motar da tsumma. Ƙwayoyin shida ne, da yatsa nake nemo su, ba sai na gani ba. Na goge kyamarar ma.

Da lokacin tashin makaranta ya yi ta yafa mayafi ta ce in taso. Na ce gwiwata na ciwo, ta je kawai. Ta tsaya a bakin ƙofa tana jirana, don ta san motar ba za ta tashi ba in ina cikin gida. Na ce ta duba jakarta, ƙaramin zif ɗin ciki.

Da ma makullin nauyi yake mini, duk ya saki aljihun rigunana.

Sun dawo biyu saura minti goma. Tun daga bakin layi na gane ƙarar injin. Amarya ta shigo da gudu ta hagu, ban gan ta ba sai da ta faɗo jikina. Wai kakarta ta fi ni iya ribas. Na ce wa ya koya mata?