Gurbin da Baba Ya Bar Maka a Bakin Teburi

Zuwa ga Yaya Bitrus,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya a duk inda kake. Ni ce ƙanwarka Saratu, daga gidanmu na Wulari a Maiduguri. Tunda ka tafi ba ka bar adireshi ba, na kai wasiƙar nan jarida, kowa ma ya karanta. Kunya ta ƙare mini, Yaya. Baba na kwance, ƙafafunsa sun kumbura, abinci ma sai da lallashi.

Ka san abin da ya raba ku, amma rabinsa kawai ka sani.

Ina tune da lokacin da ake ta maganar 'yancin kai, kana aiki a shagon mai hoto kusa da Kasuwar Shanu. Kullum ka dawo da guntayen jaridu, ka ɗauki almakashi, ka sa ni in jiƙa maka ƙaro a gwangwani. Ni a zatona wasan yara kake yi, da gemunka da komai.

Sai ka sauke kalandar mishan daga bangon ɗakin Baba, mai hoton Jibin Ubangiji: Yesu da almajiransa a teburi, duk farare, gashi har kafaɗa. Ka liƙa wa almajiran hulunan Turawan mulki da ka yanko daga jarida. Sannan ka yanko hoton Baba, wanda aka ɗauke shi da kwat ranar da ya zama mai bishara, ka liƙa shi can waje a gefen kwali, da kwano a hannu.

Ba wanda ya nemi bayani. Kowa ya san in an yi taron mishan, Turawa a ciki suke ci, a miƙo wa Baba nasa a baranda. Shekara da shekaru yana karɓa yana godiya. Ka rataye abin a ƙofar shago, mahauta da dillalan shanu suna tsayawa suna nunawa: ga Malam Ishaku can a waje.

Dattawan ikilisiya suka ce saɓo ne. Ko dai Baba ya yaga shi a gaban jama'a ya sa ka ƙarƙashin horo, ko ya bar aikin, mu bar gidan mishan da muke ciki. Ranar Lahadin nan ina zaune bayan Mama a majami'a. Baba ya tashi ya raba hoton biyu. Ka miƙe ka ce, "Don kai na yi, don su ka yaga." Ka fice, ko ruwan gidan nan ba ka sake sha ba.

Na ji haushinka, ba zan ɓoye maka ba. Kai ka faɗi gaskiyarka ka hau mota, mu muka zauna da idon mutane. Kuma ai ba a bakin kasuwa ake gaya wa uba gaskiya ba.

To, ga rabin da ba ka sani ba. Baba bai yar da yagaggen hoton ba, a cikin rigarsa ya kawo shi gida. Bayan rasuwar Mama ya ce in jiƙa ƙaro. Ya haɗa ɓari biyun ta baya. Hulunan nan bai taɓa su ba. Nasa hoton ya yi ta ɗiga wa ruwan ɗumi har ya saki, ya ɗauke shi daga waje ya liƙa a bakin teburin. Ya ce shi Ubangijinsa bai taɓa ba shi abinci a baranda ba. Kusa da shi kuma ya bar gurbi.

Ya sa na birkice gidan nan ina neman hotonka. Babu ko ɗaya. Kai da ka ɗauki rabin mutanen Maiduguri, ashe ba ka taɓa tsayawa an ɗauke ka ba.

Yayana, ka zo. Yana farkawa sai ya dubi gurbin nan, ya dubi ƙofa. In har yanzu ba ka huce ba, ko hoto ne ka aiko, amma ka hanzarta.

Ubangiji ya kiyaye ka, ya sanyaya zuciyarka, ya riƙe mana Baba har ka iso. Amin.

Ƙaron na nan a gwangwani. Kullum ina ƙara masa ruwa kada ya bushe.

Ƙanwarka,
Saratu