Sanyin Carbin Mma

Laraba, bayan isha'i

Na kasa yaudarar Mma. Tun ranar da carbinta ya ɓace a trotro, motar haya, muna hanyar asibiti a Bantama, ba ta daina laluben ƙarƙashin filo ba. Na dutse ne ruwan hoda, tsarabar marigayi Baba daga Agadez. Yau na samo irinsa a Ashtown, mai shagon har da rantsuwa wai dutsen ros kwaz ne na gaske. Na ce a raina tunda idonta ya tafi, ai shi ke nan.

Ta karɓa, ta ɗora a kumatu.

"Hawa, nawa sanyi gare shi kamar ruwan randa, yana daɗewa bai ɗau ɗumin jiki ba. Wannan kwalba ce."

Na fita na ɗaga shi a rana. Garau yake, ga 'yan kumfa a ciki, babu hazo-hazon nan na dutsen. Ko na samo na gasken ma, ba shi Baba ya riƙe ba.

Da ma faɗa ta yi. Albarka ta sa mini. Ga ta can tana tasbihi da gaɓoɓin yatsunta.