Ruwan da na zuba musu a kwalba ba na rijiyar Malam ba ne

Assalamu alaikum mutanen wannan zaure. Admin, ki ɓoye sunana, ki rubuta yadda na faɗa, kar ki gyara mini baki. Ni ban yi boko ba, murya na danna na turo miki. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku bari in kai aya kafin ku yanke mini hukunci.

Ni tsohuwa ce, a Gyaɗi-Gyaɗi nake tun bayan gidanmu yana gona. A tsakar gidana akwai rijiya. Malam mai gidana, Allah ya jiƙansa, shi ya sa aka haƙa ta shekarar da muka tare, ya ce sadaka ce mai gudana, duk macen da ta shigo da bokiti, duk yaron da aka aiko, kar a hana. Ranar da zai cika bai yi mini maganar gida ba, bai yi ta gona ba, cewa ya yi, ki kula da rijiyar nan. Musulmi sun sha, Kirista sun sha, Maman Ngozi maƙwabciyata da ruwan nan ta yi goyon 'ya'yanta biyar, ba wanda ya taɓa cewa cikinsa ya juya.

To ana nan ana nan, sai ga mutanen wata cibiya ta bincike sun addabi unguwa. Jikata Ummi, wadda na karɓa tun daga yaye, a can take aiki, ɗakin gwaji, lab suke cewa. Mutanen nan ba su da sana'a ɗaya da za ka kama su da ita. Yau su zo su rataya tarko wai sauro suke kamawa, gobe wasu su tsaya a bakin titi da na'ura suna shinshina hayaƙin adaidaita, jibi a ɗebi ƙasar lambu, gata a auna damtsen jarirai. Wasu ƙwarin wake suke bi, wasu jinin akuya. Har wata mai gilashi ta zo ta ajiye mini waya a gaba wai in yi mata tatsuniya, da rana tsaka! Na ce yarinya, uwarki ba ta gaya miki ba a yi da rana ba? Na ce da Ummi, ku dai ba ku da aikin yi, kowane tsuntsu ya wuce sai kun tambaye shi ina za shi. Ta yi dariya ta ce, Inna ai ilimi kenan.

Rannan da hantsi aka yi sallama, maza biyu, da riguna iri ɗaya. Suka ce ruwan rijiya za su ɗiba. Na ce gidan nan namiji baligi iyakarsa soro, haka Malam ya bar shi. Ba su ja ba, suka miƙo mini wata 'yar kwalba, an manna mata takarda an rubuta lamba, suka ce Hajiya ki cika mana. Na karɓa na shiga, na tsaya a bakin rijiyar. Mu yadda muka taso, wanda ya zo neman ƙasar ƙofar gidanka ko ruwan gidanka a kwalba, ya yi rubutu a jiki, ba alheri ya kawo shi ba. Na ce ba da hannuna za a ɗauki ruwan Malam a kai inda ban sani ba. A satin mun yi taron sadaka, wanke-wanke ya yi yawa har aka sayo ruwa a wurin ɗan garuwan layinmu, jarka ɗaya ta rage a gindin murhu. Daga ita na tsiyaya na cika musu. Suka yi godiya, suka sa na dangwala yatsa a takarda, suka tafi. Ban gaya wa kowa ba.

Kwanci tashi har na manta. Sai ga Ummi da wani littafi mai kauri kamar tubali, wai duk abin da cibiyarsu ta gano a shekara yana ciki. Ta buɗa ta wuce sauro, ta wuce wake, ta wuce akuya, sai ga hoton ƙofar gidana. Ta ce cikin rijiyoyin da aka gwada daga nan har Tarauni, tamu ce ta fi kowacce ƙazanta, wai akwai ƙwayar cutar da ke fitowa daga bayan gida. Rijiyar Malam! Ba a kwana uku ba aka zo aka shafa mana jan fenti a bango, mai unguwa ya bi gida-gida yana cewa kar a ƙara ɗiba.

Ranar na yi wa Ummi tas. Na ce ita da abokan aikinta 'yan bani-na-iya ne, masu neman suna da mutuncin matattu, na ce hannun da ya yi mata tsarki shi ta ciza. Tana kuka tana cewa, Inna wallahi sau uku na maimaita gwajin da kaina don na san gidanmu ne, na'ura ba ta ƙarya. Na ce na'urar ta san Malam? Na ce kar ta ƙara tako mini gida. Yau wata biyu ba ta zo ba, sai dai ta aiko da gaisuwa, ni kuma ban amsa ba.

Har gobe ina jin haushinsu, ba zan ɓoye ba. Wane irin malami ne zai tsaya a soro ya ba tsohuwa kwalba, sannan ya je ya rubuta cewa da hannunsa ya ɗiba? Ai haka Ummi ta ce sun rubuta. Ba su da mata ne a cibiyar? Mai tatsuniya ai har kan tabarmata ta zauna. Sun raba hankalinsu gida goma, sauro da akuya da hayaƙi, sun kasa tsayawa su yi abu ɗaya da kyau. Amma duk zagin da na yi, na san abin da yarinyar nan ta gani a na'ura gaskiya ne. Ruwan ne ba na rijiya ba.

Ga inda abin ya tsaya mini a wuya. Tun da aka shafa fentin nan, duk layinmu wurin wannan ɗan garuwan suka koma, shi ke zuba musu ruwan sha. Shekaranjiya aka dawo da jikan Maman Ngozi daga asibiti, gudawa da amai, har ƙarin ruwa aka yi masa. Na je dubiya, ta riƙe hannuna ta ce, Mama ba laifinki ba ne, sauran cutar rijiya ce a cikinsa, mun gode Allah da aka gano. Na kasa haɗa ido da ita.

Ɗana uban Ummi ya riga ya sauke siminti a soro, ya ce ranar Asabar magini zai zo ya rufe bakin rijiyar. In na yi shiru, sadakar Malam ta yanke, yaran unguwa kuma su ci gaba da shan abin da na zuba a kwalba. In na yi magana, sunan Ummi ne a saman aikin, da shi aka ƙara mata girma, ban san me za su yi mata ba in aka ce abin da ta rubuta ba haka yake ba. Ni kuma da furfurata a ce na yi ha'inci, na zagi jikata a kan laifina. Sannan wani tsoron, in aka sake gwada ta gaske ita ma aka ce ba ta da kyau fa? Na tona kaina, na kunyata yarinya, rijiyar kuma a rufe.

To ku da kuka yi karatu, ku gaya mini. Ummi zan kira in fara gaya mata, ko mai unguwa, ko in sa mayafi in je cibiyar da ƙafata in ce su turo mace ta ja guga da hannunta? Akwai hanyar da za a hana mutane ruwan ɗan garuwan nan ba tare da an taɓa aikin yarinyar ba? Yau Laraba. Guga ɗaya ne yake sauka a rijiyar yanzu, nawa, kuma daga shi nake sha.