Sanyin Mount Hope

Litinin, 26 ga Janairu, 2015
Ranar farko a ƙungiyar taimakon 'yan haya. Aikin sa kai ne, makaranta ta ce dole sai da shi za a gama digiri. Abin da na koya yau: fotokwafi da wankin kofuna. Diane, shugabar ofis, sai Rekia take kira na. Rakiya fa, ina wahalar? Na baro Zariya in karanci tsara birane, ga ni ina goge tebur a Bronx, cikin birnin New York.

Alhamis, 5 ga Fabrairu
Sanyi kamar zai gutsure min kunne. Jirgin ƙarƙashin ƙasa ya maƙale a rami, na makara aji.

Talata, 10 ga Fabrairu
Diane ta gano ina jin Hausa, sai ga ni na yi daraja. Ta ja ni wani bene a unguwar Mount Hope in yi tafinta. Tun Disamba hitar da ke ɗumama gidan ta mutu. Mariama, 'yar Maraɗi mai kitso, ta kunna murhun gas ta bar shi yana ci don ɗaki ya yi ɗumi. Jaririnta Jibrin yana numfashi kamar ana busa usur. Ta ce, "Ƙanwata, gaya mata na kira mai gida har na gaji." Kafin in buɗe baki Diane ta ɗaga waya tana ɗaukar yaron hoto. Ko neman izini babu!

Laraba, 11 ga Fabrairu
Hoton yana shafin ƙungiya na intanet. Wai uwar ba ta san haƙƙinta ba. Ta sani sarai. Turanci ne ba ta da shi.

Alhamis, 19 ga Fabrairu
Taro da wakilin mai gida a zauren benen, kowa da rigar sanyi. Diane ta ja ni gefe, wai in mutane sun ɗau zafi in sassauta maganarsu, kada a ɓata sulhu. Baba Abukari ya miƙe, tsohon direban tasi daga Kumasi, wanda ke ce min "kai" kamar namiji. Ya ce, "Ka gaya shi, in yaron nan ya mutu, ƙofar ofis nashi za mu yi sallar gawa."
Na faɗa kamar yadda ya faɗa, ban rage komai ba. Wakili ya ajiye wayarsa.

Juma'a, 20 ga Fabrairu
Diane ta ce wai ban nuna ƙwarewa ba, za ta rubuta wa malamina. Ta mayar da ni kan fotokwafi. Na shiga banɗaki na yi kuka, don haushi. To, har da tsoro. In na faɗi kwas ɗin nan tallafin karatuna ya tafi, da wane ido zan kalli Umma?

Lahadi, 22 ga Fabrairu
Jibrin yana asibiti. Mariama ta kira ni, ba ta gane abin da likita ke cewa. Na je. Can babu mai cewa in sassauta.

Laraba, 4 ga Maris
An gyara hita, an sallamo Jibrin. Shafin ƙungiya ya ce "mun yi nasara". Mun!

Asabar, 16 ga Mayu
Na gama kwas ɗin. Da ƙyar na tsallake, saboda sukar da Diane ta rubuta a kaina. Ni da ofishin nan har abada.
Umma ta tambayi ranar da zan zo hutu. Na ce akwai karatun bazara. Ba ƙarya ba ce gaba ɗaya.
Mutanen benen suna so su kafa ƙungiyarsu kafin sanyi ya dawo. Baba Abukari ya ce taro gobe bayan la'asar. Ban ce zan je ba. Na dai kira wata 'yar benen, Afua ta hawa na uku, na tambaye ta ko kujerunta za su isa.