Jikokin da Ke Cikin Ƙanƙara

Mama Floarea, surukata,

Gaisuwa daga garin Castellón. Yaya ƙafarki? Ni ƙalau nake, abinci ne dai ba ya shiga.

Asibitin haihuwa ya kira jiya. Ƙwayayen haihuwa biyu da aka haɗa mana da ɗanki Dorel kafin rasuwarsa suna nan a daskare. Doka ta ba ni shekara guda daga rasuwarsa a dasa mini su in ɗauki cikin, saura wata biyu.

Fadan cocinmu ya ce, "'Yata, dasawa zunubi, zubarwa ma zunubi." Na ce, "To Fada, wanne zan ɗauka?"

Ki sa ni a addu'a, amma kada ki gaya wa Baba tukuna. Likitocin ba za su dasa ba sai da takardar yardar Dorel, kuma har yau ba su gano ta ba.

'Yarki,
Viorica